Diddigi da Lissafin Kalori

A garejin manyan motoci aka laƙaba masa suna Diddigi, tun yana yaron mota, sunan kuma ya bi shi har gida, har jikokinsa suka taso suna zaton sunansa ne na gaskiya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ba a gaya masa magana ya ce to ya wuce, sai ya bi diddiginta. Yana ɗan ƙarami ya taɓa tsiyaya ruwa a tankin babur ɗin kawunsa, wai yana so ya ga ko babur zai gane bambanci. Babur ya gane, shi ma jikinsa ya gaya masa. Amma dukan bai raba shi da halin ba, sai dai ya koya masa yin gwaje-gwajensa inda ba idon manya.

Bai yi nisa a makaranta ba. Ba wai kansa ne ba ya ja ba. Mahaifinsu ne ya kwanta ciwo, gida ya buƙaci mai kawowa. Ya shiga gareji yana wankin mota da ɗaurin tamfol, daga nan ya hau sitiyari, ya yi shekara talatin da 'yan kai yana jan tirela. Ba mai taka wuta ba ne, ba ya tsere da kowa a hanya. Abin da abokan aikinsa suka fi tunawa da shi shi ne ba ya yarda da allurar mai. Yakan ce ya ja motoci da yawa, bai taɓa ganin allura biyu da bakinsu ya zo ɗaya ba: wata tana nuna rabi alhali tanki ya kusa ƙafewa, wata tana kukan yunwa alhali da sauran tafiya mai nisa. Don haka kullum da wata ƙaramar sanda a bayan kujerarsa, wadda yake zurawa a tanki ya gani da idonsa.

Shekarun zaman kujera ba su bar shi haka nan ba. Shayi mai sukari a kowace tsayawa, burodi a kan cinya, barci a cikin mota. Tumbi ya yi ta fitowa a hankali har sai da ya riƙa gogar sitiyari. Da baya ya fara ciwo, ido kuma ya fara ganin fitilun motoci bibbiyu, sai ya miƙa makulli ya dawo gida.

Matarsa tela ce, keken ɗinkinta na ɗakin gaba kusa da taga. Ta saba da mijin da zai zo ya yi kwana biyu ya tafi. Yanzu ga shi nan safe da yamma, ba abin yi. A watan farko ya kwance fankar falo, ya kwance famfon banɗaki, ya mayar da su, kowanne ya bar ragowar noti ɗaya ko biyu da aka rasa mazauninsu. Ranar da ta dawo daga sayen zare ta tarar ya buɗe cikin kekenta yana leƙen yadda allura ke kamo zaren ƙasa, sai ta kafa masa doka. Daga nan ya koma zaman gaban talabijin, yana ta canja tasha ba don yana kallo ba. Wannan ya fi damunta da kwance-kwancen, amma ba ta faɗa ba.

Ana haka jiri ya fara ɗibarsa, ya je asibiti. Likita ya auna shi ya ce sugan jikinsa ya hau, jininsa ma ya hau. Ya rubuta masa ƙwayoyi, ya ce sai ya rage nauyi, sai kuma ya riƙa tafiya har numfashinsa ya ɗan yi sama. Ba wanda ya ambaci marigayi yayansa a gidan, amma kowa da shi ya kwana a rai, don ciwon suga ne ya cinye masa ƙafa kafin ya ɗauke shi.

Titin unguwarsu ba na tafiya ba ne, daga rami sai babur. Sai ya yi rajista a wani ɗakin motsa jiki da ke bakin babban titi, a saman gidan burodi. Ɗaki ne dogo, bango ɗaya madubi ne gaba ɗaya, fankoki a sama suna juya warin gumi, ƙamshin burodi kuma yana biyo matakala yana shigowa. Injin tafiya guda biyu ne, irin mai bel da ke gudu ƙarƙashin ƙafa mutum na bin sa, sai kekuna uku da ba sa zuwa ko'ina, sai ƙarafan da samari ke ɗagawa a kusurwa. Mai kula da wurin kowa Koci yake ce masa. Tsohon ɗan ƙwallo ne da gwiwa ta raba shi da fili, mutum mai haƙuri da dattawa.

Ranar farko Diddigi ya hau bel ya damƙe ƙarfen gaba da hannu biyu kamar sitiyari. Tafiyar ba ta ɗauke masa hankali ba kamar allon da ke gabansa. Ya gane lambar gudu, ya gane ta nisa, ya gane ta lokaci. Amma akwai wata a gefe da ke hawa ɗaya bayan ɗaya. Ya kira Koci ya tambaya. Koci ya ce kalori ke nan, ma'aunin ƙarfin da abinci ke zuba wa jiki, kuma da shi ake auna abin da jiki ya ƙone in yana aiki. Da ya ga dattijon bai gamsu ba, sai ya ce masa ya ɗauka man da jikinsa ya sha ne.

Wannan bayani ya shige shi. Ashe mutum ma yana da allurar mai. Abin mamaki, mutumin da bai taɓa yarda da allurar mota ba, wannan nan take ya yarda da ita, wataƙila don da lambobi masu haske take magana.

Da ya sauko ya tsaya a gidan burodi ya huta, sai idonsa ya faɗa kan bayan ledar wani kek. Ga kalmar nan dai, kalori, ga lamba a gabanta kusan daidai da wadda ya baro a sama. Ya yi lissafin direba: abin da aka ƙone a hanya, a gidan mai ake mayar da shi. Ya sayi kek ɗin ya cinye a tsaye, ransa fes. Washegari ya ƙara da lemon kwalba, tunda ya ɗan daɗe a kan bel.

Ba da jimawa ba ya jawo amininsa, wani mai aski da ake kira Tsinke saboda sirantakarsa. Tsinke ba shi da abin ragewa. Shagonsa ne ba ya samun mutane da safe, shi kuma yana son wurin da zai yi hira. Kullum sai su hau injinan biyu gefe da gefe, su sauko su ci kek.

Makonni suka wuce, sikelin da ke bakin ƙofa bai motsa ba. Diddigi ya ce sikelin ne ya lalace. Matarsa ba ta yi musu ba, ta ɗauko tef ɗin awonta ta zagaya masa ciki, ta duba, ta ce da alama tef ɗinta ma ya lalace. Ledojin kek da take tsinta a aljihun wandonsa in za ta yi wanki kuwa, ta jera masa su a kan tebur. Ya yi mata bayanin lissafinsa tsaf. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ita dai ba ta san kalori ba, amma ba ta taɓa jin an rubuta wa mai ciwon suga kek a asibiti ba.

A wannan tsakanin ne Auta, 'yarsu ta ƙarshe da ke aiki a wani gari, ta aiko masa da agogon hannu irin mai ƙirga bugun zuciya. Ta waya ta koya masa yadda ake saita shi, ta sa ya shigar da shekarunsa da nauyinsa. Ya ɗaura ya tafi da shi. Da ya gama tafiyarsa ta ranar, inji ya ce ya ƙone kalori ɗari uku. Ya juya hannu ya duba agogo, ya ga ko ɗari biyu bai kai ba.

Ya daɗe a tsaye yana kallon wannan, yana kallon wancan. Jikin nan dai ɗaya ne, tafiyar ma ɗaya, to daga ina lamba ta zama biyu? Ranar bai ci kek ba, ba don tsoro ba, mantawa ya yi. Da ya shigo gida matarsa ta ɗago daga keke ta ga wani haske a fuskarsa da rabonta da ganinsa tun yana jan mota.

"Maman yara, ɗaya daga cikinsu ƙarya yake min," ya ce. "Sai na gano wanne ne."

Ta ce Allah ya ba da sa'a, muddin dai ba za a kwance mata komai a gida ba.

Washegari yana tsakiyar tafiya sai ya ɗage ƙafafunsa ya ɗora a gefe da gefen bel, inda ba ya motsi, ya tsaya ƙiƙam. Bel na ta gudu shi kaɗai. Lambar kalori ko tuntuɓe ba ta yi ba, ta ci gaba da hawa kamar yana kai. Ya kira Tsinke ya gani. Tsinke ya ce ai wannan inji mutumin kirki ne, yana yi wa ma'aikaci rajistar zuwa ko yana gida a kwance.

Sai Diddigi ya lura da wani abu da ya daɗe a gabansa bai gani ba. Shi da Tsinke in suka saita gudu ɗaya suka sauka tare, lamba ɗaya injinan ke ba su, alhali ya kusa ninka Tsinke a nauyi. Nan ne ya ce a'a. Tirela da lodi da tirela wayam ba sa shan mai ɗaya, ko da hanya ɗaya suka bi. Ya kai ƙara wajen Koci. Koci ya yi dariya, ya nuna masa wani maɓalli da bai taɓa dannawa ba, ya ce injin ba ya ganin wanda ke kansa. In ba a gaya masa nauyi ba, sai ya ɗauka wani matsakaicin mutum ne, ba mai ƙiba ba, ba siriri ba, ya yi lissafinsa da gudun bel da lokaci, shi ke nan. Ya ce laifinsa ne da bai nuna masa tun farko ba. Yawancin masu zuwa ba sa tambaya.

Diddigi ya shigar da nauyinsa na gaskiya. A ranar lamba ta haura ɗari huɗu. Ya sauko yana murmushi, ya ce ashe tuntuni cutarsa ake yi, ya ci kek biyu. Murnar ba ta yi kwana biyu ba. Tsinke, don tsokana, ya gaya wa nasa injin cewa nauyinsa ya kai na buhun siminti uku, ya yi 'yar tafiyarsa ta masu hira, ya sauko da lambar da ko samarin wurin ba su cika samu ba. Ya riƙa zagaya ɗakin yana karɓar gaisuwa. Diddigi ya yi dariya tare da kowa, amma a ransa ya ce abin da ke yarda da duk abin da aka gaya masa ba a kafa shi shaida.

Sai ya koma kan agogo. Ya kife shi ya ga wani koren haske yana ƙyaftawa a bayansa. Auta ta ce da shi yake leƙen jinin da ke wucewa ƙarƙashin fata ya ƙirga bugun zuciya. Ya ɗora yatsa a wuya ya ƙirga da kansa, ya ga a nan kam agogon bai yi nisa da gaskiya ba. Amma daga bugun zuciya zuwa kalori, ta wace hanya ake bi? Ya sassauta maɗaurin ya ga lamba ta canja, ya matse ya ga ta sake canjawa. Ranar da ƙungiyar da yake goyon baya ta ɓarar da fanareti, yana zaune a kujera ko miƙewa bai yi ba, agogo ya rubuta masa kalori kamar wanda ya hau bene. Ya roƙi matarsa ta ɗaura na yini guda. Tana gida tana yankan yadi da guga, agogo ya taya ta murnar doguwar tafiyar da ta yi. Ta kwance ta miƙa masa, ta ce ya gaya wa agogon ta gode, lallai ƙafafunta sun gaji.

Daga nan ne ya yi abin da har yanzu ba ya so a tuna masa. Ya zauna ya yi tunani ya ce, tunda inji da agogo duk hasashe suke yi, bari ya nemi abin da ido ke gani. Gumi kuwa ido na ganinsa. Inji in yana aiki zafi yake yi, mutum in yana aiki gumi yake yi. Ke nan yawan gumi shi ne yawan abin da aka ƙone. Bai shawarci kowa ba, ya ɗauko tsohuwar rigar ruwansa ta leda ya sa a ƙarƙashin riga, ya hau bel, bai kuma sha ruwa ba don kada ya ɓata awo. Gumi ya zubo har cikin takalmi. Ya sauka ya hau sikeli, ya ga a karon farko allura ta ja baya. Yana shirin kiran Tsinke ya zo ya shaida, sai ya ga madubin bango ya karkace, ƙafafunsa suka ce ba su san zancen ba. Da ya dawo hayyacinsa a ƙasa ya tsinci kansa kwance, an ɗora masa ƙafafu a kan benci, Koci na yayyafa masa ruwa, rigar leda a yage a gefe.

Bai taɓa ganin ran Koci ya ɓaci ba sai ranar. Ya ce masa ruwa ne kawai ya fita daga jikinsa, ba kitse ba, kuma da zarar ya sha zai dawo. Mai hawan jini da ciwon suga kuwa in ya yi haka da ransa yake wasa. Ya ce in zai ƙara, ya nemi wani wurin. Washegari sikeli ya koma inda yake, kamar yadda aka faɗa.

Tsinke ne ya raka shi gida a ranar, Tsinke kuwa magana ba ta kwana a cikinsa. Matar ta saurari labarin tana tsaye da almakashi a hannu. Sai da baƙo ya tafi ta ajiye almakashin ta zauna kusa da mijinta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, na yi jinyar yayanka tare da matarsa, na san abin da na gani," ta ce. "Ka bi diddigin duk abin da kake so, ban hana ka ba, na ma fi son ganinka haka. Amma kada ka ƙara yin gwaji da jikin nan ba da sanin likita ba. Ba mu da wani."

Ya ce ya ji. Bai kuwa ƙara ba.

Da ranar komawarsa asibiti ta zo, ya kwashe komai ya gaya wa likita, har da rigar leda. Likita ya yi masa ɗan faɗa, sannan ya karɓi agogon ya jujjuya. Ya ce akwai abu ɗaya da ya sani: cikin ƙwayoyin da ya rubuta masa akwai mai rage saurin bugun zuciya. Ke nan ko yana aiki tuƙuru zuciyarsa ba za ta yi gudun da agogo ke jira ba, sai agogo ya zaci yawon shan iska kawai yake yi. Diddigi ya ce to nawa ne na gaskiya? Likita ya ce bai sani ba, kuma ba zai ƙirƙira masa ba. Amma ya ji ana neman dattawa masu irin larurarsa a wani sashe na jami'a, inda ake auna wannan abu da na'ura ta musamman. In yana so zai haɗa shi da su. Tun kafin likita ya rufe baki ya ce yana so.

An ce ya zo da safe bai ci komai ba, likita kuma ya gaya masa yadda zai yi da maganinsa. Ya sa wankakkiyar riga kamar mai zuwa neman aiki. Ɗakin ƙarami ne mai sanyi, da injin tafiya irin wanda ya sani, sai gado ɗaya, sai kwamfuta da wani dogon tiyo da ke fitowa daga cikin akwati. Malamar da ke jagorantar binciken mai tabarau ce, ba ta kai 'yarsa ta fari shekaru ba, tana ce masa Baba. Ta ɗaura masa takunkumin roba da ya rufe hanci da baki, ta haɗa shi da tiyon. Da farko kwanciya kawai aka ce ya yi, kada ya motsa, kada ya yi magana. Daga baya ya ce wannan ne ya fi komai wuya, don bakinsa cike yake da tambayoyi.

Sannan aka hau da shi bel. Ya yi tafiya hannu a sake, ya yi riƙe da ƙarfe kamar yadda ya saba, aka ɗan ɗaga gaban injin ya zama hawa, aka sauke. Da aka cire takunkumi ya kurɓi ruwa, sai ya saki tambayar farko: me numfashi ya sani game da mai?

Malamar ta ce wuta ba ta ci sai da iska, jiki ma haka yake. Duk abin da zai ƙone sai ya ja iska ya yi aiki da ita, ya fitar da wata iri daban. In aka auna wadda ta shiga da wadda ta fita, an san yawan abin da ya ƙone a ciki.

"Wato salansa kuke aunawa," in ji Diddigi.

Ta yi dariya har sai da ta cire tabarau, ta ce kusan haka ne. Sannan ta juyo masa da kwamfutar. Irin tafiyar da yake yi kullum, in hannunsa a sake yake, abin da yake ƙonewa ya faɗo a tsakiya: ya fi na agogo, bai kai abin da inji ke faɗa tun da ya shigar da nauyinsa ba. Amma da zarar ya damƙi ƙarfe sai layin ya sunkuya ƙasa sosai, don ya rataya wa injin wani ɓangare na nauyinsa. Injin kuwa bai san an yi ba, lambarsa ba ta canjawa. Ta kuma nuna masa awon kwanciyar da ya yi, ta ce ko mutum na kwance jikinsa na ƙona wani abu. Ya ce ya gane, motar da aka bari a kunne a tsaye ma tana shan mai. Ta ce to injina da yawa suna haɗa wannan a cikin lambar da suke nunawa. Ke nan cikin abin da yake zaton da guminsa ya samu, akwai rabon da ko a gaban talabijin zai same shi.

Diddigi ya sosa ƙeya, ya ba ta labarin kek da lemo. Sannan ya ce to yanzu dai ya samu lambarsa ta gaskiya, a rubuta masa. Malamar ta ce za ta rubuta, amma ya sani ta safiyar yau ce, a wannan gudu, da wannan nauyi. In ya rage nauyi za ta sauka. In jikinsa ya saba da tafiyar ma tana iya ɗan canjawa. Lambar bayan ledar kek kuwa ita ma kintace ce, ba wanda ya auna wanda ya ci ɗin.

Ya ɗan ji ba daɗi. Ya zo neman abu ɗaya tsayayye da zai riƙe, aka ce masa abin motsi yake yi. Ya ce ke nan injin da agogon duk na banza ne? Ta ce a'a. In zai riƙa hawa inji ɗaya ya kwatanta yau da jiya, zai gane ko ya ƙara ƙoƙari ko ya rage. Kada dai ya sauko da lambar gidan burodi ya ce a ba shi kek daidai da ita.

Yana ɗaure takalmi wata tambaya ta faɗo masa. In mutum ya rame, kitsen ina yake zuwa? Ya dai san yanzu ba gumi ba ne. Malamar ta ce mutane da yawa banɗaki suke cewa, wasu su ce zafi yake zama ya ɓace. Amma mafi yawansa ta hanci da baki yake fita, a cikin iskar da mutum ke fesarwa. Ɗan abin da ya rage ne ke zama ruwa. Ya tsaya da igiyar takalmi a hannu yana kallonta. A motar haya da ya shiga zuwa gida ya riƙa hura iska a tafin hannunsa yana dubawa, har matar da ke kusa da shi ta matsa gefe.

Daga ranar ya saki ƙarfe. Kwanakin farko ya riƙa tangaɗi kamar ɗan koyon tafiya, Koci na tsaye a bayansa, kuma tafiyar da a da yake yi yana hira yanzu sai ta sa shi haki. Kek ya koma na ranar Asabar, guda ɗaya, su raba da Tsinke, wanda ya ce a duk binciken nan shi aka zalunta. Agogon na nan a hannunsa, amma bugun zuciya da lokaci yake dubawa. Cikin 'yan watanni matarsa ta rage masa ƙugun wanduna, bayan wani lokaci ta sake ragewa. Tumbin bai tafi duka ba, da alama kuma ba zai tafi ba, amma likita ya duba sakamakon jininsa ya ce a ci gaba a haka. Sabbin zuwa ɗakin motsa jiki sukan sha bayani daga wurinsa ko ba su tambaya ba. Wasu su gode, wasu su toshe kunne da waya, in abin ya yi yawa Koci ya ja shi gefe.

Da ƙafarsa ta yi ƙwari sai ya gano wani filin makaranta da ake barin mutane su zagaya da sassafe kafin yara su zo. Ya yi ta lallashin matarsa, yana cewa zaman keke ma ai zaman kujera ne, har ta yarda ta sayi takalmin roba. Ita a hankali take tafiya, ba ta so a gaggauta ta. Shi kuma yana gefenta yana mata bayanin yadda kitse ke zama iska, da yadda itatuwan bakin filin ke shaƙar iskar su yi ganye da ita, wato yanzu haka wani ɓangare na tumbinsa yana kan bishiya. Ta bar shi sai da ya kai aya.

"In dai ta baki kitse ke fita," ta ce, "da tuni iska ta kwashe ka, don tun da muka shigo filin nan ba ka yi shiru ba."

Ya buɗe baki zai rama, sai ya tsaya. Ai kuwa mai magana kamar ya fi mai shiru fitar da iska. Ko surutu ma yana da nasa kalori? In kuma yana da shi, ta yaya ake aunawa, tunda takunkumin ya rufe baki? Ya laluba aljihu ya ji bai fito da waya ba, balle ya kira malamar. Matar ta riga ta yi gaba abinta, sai ya ɗaga ƙafa ya bi ta.